Shagon da ba a gani ba ya ciniki

Ƴan kasuwa maza da mata, yau kiranmu gare ku ne. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, wasunku sun zuba jakkuna an buɗe musu shafin intanet domin tallar kaya. Wata da watanni sun wuce, ko mutum guda bai kira ba, sai a ce intanet yaudara ce. A ganinmu laifin ba na intanet ba ne. An kafa rumfa ne a bayan kasuwa, inda mai saye ba ya bi.

Mai neman kaya yau Google yake tambaya, abin da Google bai nuna ba kuwa kamar babu shi ne. Da yawa daga cikin waɗannan shafuka da WordPress ake gina su, manhajar da ta fito a 2003, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke aiki da ita. A cikinta akwai wani ɗan akwati da ake dannawa don a hana injinan bincike nuna shafi. Magini yakan danna shi lokacin aiki, ya manta bai cire ba. Ke nan an biya kuɗin shago, ƙofa kuma a kulle. Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta site: a Google, a bi shi da adireshin shafin. In ba abin da ya fito, a nemi magini.

Kuskure na biyu shi ne rashin suna. Sai ka ga hotuna birjik, babu rubutun da ya ce ga abin da ake sayarwa. Kowane kaya a ba shi shafinsa, da sunansa, da garin da yake, da farashinsa, buhu ne ko tiya ko kilo. A kuma rubuta yadda mai saye ke rubutawa. Bakano zai nemi kilishi, na Kwatano ko Abijan zai rubuta kilichi ko oignon de Galmi. Wanda ya sa Hausa da Faransanci ya buɗe ƙofa biyu.

Na uku, hotuna masu nauyi. Tun 2023 Google ya kammala komawa duba shafuka yadda suke fitowa a wayar hannu. Mai saye da reso ya yi masa rauni ba zai ƙone kuɗinsa yana jiran hoton atamfa ya buɗe ba, gaba zai yi.

Na huɗu, wayo. Kwafo bayanin wani ko maimaita kalma guda sau hamsin ba ya kawo ciniki. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da jerin kalmomin da ake ɓoyewa a kan shafi. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya tabbatar muku da matsayi na ɗaya, ku riƙe aljihunku, domin Google da kansa ya ce babu mai iya wannan alkawari.

Na ƙarshe, sakaci. Farashin bara, lambar waya da aka daina aiki da ita, kuɗin sunan shafi na shekara da ba a biya ba. Tun 2018 kuma Chrome yana gargaɗin mai shiga cewa shafin da ba shi da https ba shi da tsaro.

Don haka kafin ku cika wa magini kuɗinsa, ku tabbata sunan shafin da sunanku aka yanke shi, kalmar sirri tana hannunku, an kuma haɗa shi da Google Search Console, wanda kyauta ne. Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da su shirya wa mambobinsu horo, musamman mata masu sana'a a gida. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.