Ƙarar Kunne: Ciwon da Ba Ya Shiga Fayil Sai an Auna Shi

Duk wanda ya yi aiki a ofisoshin gwamnati a Abuja ya san daɗin da ake ji idan aka dawo da wuta aka kashe janareta. Nan take wuri ya yi tsit, mutum ya sauke ajiyar zuciya, ya gane ashe tun safe kansa a ɗaure yake. To, akwai ma'aikatan da wannan sauƙi ba ya isa gare su. Janareta ya mutu, amma tasu ƙarar tana nan cikin kunne: wani kamar kukan gyare, wani kamar fito, wani kamar ƙugin injin niƙa daga nesa. Da ita suke hawa mota zuwa Kubwa ko Nyanya ko Mararaba, da ita suke kwanciya, kuma shirun dare ne lokacin da ta fi addabar su. Likitoci na kiran wannan larura tinitus, wato jin sauti a kunne ko a ka alhali babu abin da ke yin sa a waje.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Wani nazari da aka wallafa a mujallar JAMA Neurology a 2022, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da ita, wato fiye da mutum miliyan 740. Daga cikinsu, fiye da miliyan 120 ne abin ya yi wa tsanani. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce maƙasudin wannan rubutu. Mafi yawan masu ƙarar kunne suna sabawa da ita, su ci gaba da harkokinsu. Wasu kuwa takan hana su barci, ta rage musu natsuwa, ta jefa su cikin ƙunci. Idan ba mu da hanyar bambance waɗannan daga waɗancan, za mu ci gaba da sallamar kowa da magana ɗaya: ka yi haƙuri, za ka saba.

Mu da muka san aikin gwamnati mun san cewa abin da bai shiga takarda ba, a wurin hukuma bai faru ba. Mai hawan jini yana da lambar da zai nuna, mai ciwon sukari haka, mai karaya yana da hoton ƙashi. Mai ƙarar kunne kuwa bakinsa ne kaɗai shaidarsa. Likita ya leƙa kunnen ya ga babu komai, shugaban sashe ya dube shi ya ga lafiyayye. Daga nan sai a fara yi masa kallon malalaci ko mai neman uzuri, a gida kuma wasu su ce iska ce ko sammu. Shi ya sa da yawa suke yin shiru, su haɗiye abin su kaɗai.

Ana iya tunanin cewa mafita ita ce a auna ƙarfin ƙarar. Masana ji suna yin hakan: su kunna wa mutum sauti, su riƙa ƙarawa da ragewa har ya ce ya yi daidai da abin da yake ji. Abin mamaki, sau da yawa sautin da ake samu bai wuce 'yan desibel kaɗan sama da mafi ƙarancin abin da kunnensa ke iya ɗauka ba. Kuma an daɗe da gano cewa ƙarfin ƙarar ba ya faɗin yawan wahalar. Mutum biyu na iya samun sakamako iri ɗaya, ɗaya yana barcinsa lafiya, ɗaya kuma rabonsa da barci mai daɗi ya yi watanni. Bambancin yana wurin yadda ƙwaƙwalwa ta ɗauki sautin. Idan ta ɗauke shi a matsayin haɗari, sai ta kafa masa kunne dare da rana, tsoro ya ƙara sauraro, sauraro ya ƙara tsoro. Haka nan gwajin ji na yau da kullum yana iya fitowa lafiya ƙalau ga mutumin da ƙara ta hana sakat.

Saboda haka masana suka koma auna abin da ƙarar ke yi wa rayuwa. A 1996 wasu masu bincike a Amurka, Newman da Jacobson da Spitzer, suka fitar da takardar tambayoyi 25 da aka fi sani da THI. Ana tambayar mutum ko ƙarar na hana shi tattara hankali, ko tana hana shi barci, ko tana sa shi fushi, ko tana shiga tsakaninsa da aikinsa ko hidimar gidansa, ko yana jin ba shi da hanyar tsira daga gare ta. Amsar "e" maki 4 ce, "wani lokaci" maki 2, "a'a" kuma babu maki. Jimla takan kama daga 0 zuwa 100. A rabe-raben da aka saba amfani da shi, 0 zuwa 16 ɗan kaɗan ne, 18 zuwa 36 mai sauƙi, 38 zuwa 56 matsakaici, 58 zuwa 76 mai tsanani, 78 zuwa 100 kuwa ya kai matuƙa.

A 2012 Mary Meikle da abokan aikinta suka fitar da wata mai suna TFI, ita ma tambayoyi 25, wadda aka tsara musamman don a ga ko magani yana aiki. Ta kasa lamarin gida takwas: yadda ƙarar ke kutsawa cikin hankali, jin cewa mutum na da iko a kanta, tunani, barci, ji, hutawa, jin daɗin rayuwa, da halin zuciya. Waɗanda suka tsara ta sun ce raguwar maki 13 alama ce ta sauƙin da mai ciwo zai ji a jikinsa. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ambace ta a jagorar da ta fitar a 2020 a matsayin abin da likita zai iya dogara da shi wurin tantance manya. Amfanin wannan rabe-rabe a fili yake. Wanda matsalarsa ta taru a barci, daga barci za a fara. Wanda tasa ta taru a ji, wataƙila na'urar ƙara ji ce buƙatarsa. Wanda tsoro ya mamaye, bayani da jinyar tunani ne za su fi yi masa amfani. Duk wannan da takarda ɗaya da biro, cikin 'yan mintuna.

Me ya haɗa wannan da ma'aikacin tarayya? Hayaniya na cikin manyan abubuwan da ke jawo ƙarar kunne, kuma ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka fi bi ita ce desibel 85 na tsawon awa takwas. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, wato 88 awa huɗu, 91 awa biyu. A tuna da mai kula da janareta, da direban da ke cikin ayarin jiniya, da dogarin da ke zuwa filin koyon harbi, da jami'in da ke tarbar baƙi a gindin jirgi, da hadimin da ke tsayuwa kusa da lasifika a kowane gangami. Ga kuma tsufa, da wasu magunguna da muka sani sarai, irin su kwinin, da allurar jentamaisin, da asfirin idan an sha da yawa. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta yi tanadi a kan lalacewar ji da kuma damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo. Amma doka da hujja take aiki, kuma ma'aikacin da ba a taɓa auna shi ba ranar da ya kama aiki, da wuya ya tabbatar da abin da aikin ya yi masa bayan shekara ashirin.

Akwai masu cewa takardar tambayoyi ƙofa ce ga maƙaryata, tunda kowa na iya amsa "e" daga farko har ƙarshe. Gaskiya ne ana iya yin haka. Sai dai ciwon kai da ciwon baya ma da bakin mai su ake sanin su, kuma ba mu daina kula da su ba. Maganin wannan shi ne a haɗa makin da gwajin ji, da tarihin aikin mutum, da hirar likita, a kuma maimaita bayan wani lokaci. Darasin Amurka abin dubawa ne. A can ƙarar kunne ce larurar da tsofaffin sojoji suka fi karɓar diyya a kanta, kuma shekara da shekaru ana ba ta matsayin nakasa na kashi 10 cikin 100, ko ta yi sauƙi ko ta yi tsanani. Tsarin kuɗin goro irin wannan yana da sauƙin gudanarwa, amma yana daidaita wanda ƙara ke ɗan damu da wanda ta rushe wa rayuwa.

Wasu kuma za su ce ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wurin haihuwa ba ta da lokacin kukan kunne. Da ana neman sayen manyan injuna ne, da maganarsu ta yi nauyi. Abin da ake nema bai wuce takarda da horar da ma'aikatan jinya ba. Asarar kuwa tuni ana yin ta ba tare da an lissafa ba, domin direban da bai yi barci ba haɗari ne ga duk wanda ya ɗauka, kuma akantan da hankalinsa ya rabu kuskurensa na kowa ne.

Abin da na fi tsoro shi ne a mayar da ma'aunin makami. Ranar da makin mutum ya fara yawo a fayil ɗinsa na ofis, ya zama dalilin hana shi ƙarin girma ko cire shi daga ayarin maigida, ranar ce kowa zai koma amsa "a'a". Dole sakamakon ya tsaya tsakanin likita da mai ciwo, ofis kuma ya karɓi shawarar likita kawai, kamar sauya wurin zama ko rage aikin dare.

Abin yi a bayyane yake. Asibitocin ma'aikata da na tarayya su sa ɗaya daga cikin waɗannan takardu cikin duba lafiya na lokaci-lokaci, musamman ga masu aiki cikin hayaniya, tare da gwajin ji tun ranar ɗaukar aiki. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa su tabbatar takardar tana samuwa cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, a kuma gwada ta a kan mutanenmu, domin fassarar kalma da kalma ba ta wadatarwa. Tambayar da ta shafi fita cin abinci ko kallon fim, a wurin yawancinmu tambaya ce a kan natsuwa cikin ibada, da sauraron huɗuba ko wa'azi, da zaman biki da ta'aziyya. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa kuma ta dubi abin da binciken likitoci ya nuna yana taimakawa: jinyar sauya tunani da ɗabi'a, na'urar ƙara ji ga wanda jinsa ya ragu, da amfani da sauti mai laushi don rage kaifin shiru. Har yanzu babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe ƙarar, don haka a yi hattara da masu tallar ɗigon kunne da jiƙe-jiƙe a Facebook da WhatsApp.

Ga mai karatu da wannan ya shafa, akwai alamomin da ba a jira da su: ji ya ɗauke farat ɗaya, ƙara a kunne ɗaya kawai, ƙara mai bugawa daidai da bugun zuciya, jiri mai tsanani, ko ƙuncin da ya kai mutum ga tunanin cutar da kansa. Waɗannan a garzaya asibiti. In ba su ba, ka je wurin likitan kunne da bayani a shirye: dare nawa ka kasa barci a makon jiya, taro nawa ka fita ba ka kama abin da aka ce ba, sau nawa ka daka wa iyali tsawa babu dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haƙƙinsa a kan hukuma shi ne ta tambaye shi cikin tsari, ta rubuta amsarsa, ta kuma yi aiki da ita.