Sanarwar Bayan Taro Kan Gyaran Yadda Patchwork Ke Nuna Tsokaci

Ƙungiyar masu ba da gudummawa ga manhajojin da kowa ke da damar gyarawa ta yi zama na musamman domin bitar sauye-sauyen da wasu mambobinta suka gabatar kan yadda Patchwork ke baje tsokacin masu bita a ƙarƙashin kowane faci, wato gyaran da aka aiko domin a shigar cikin manhaja. Mahalarta sun yi la'akari da cewa wannan manhaja, wadda Jeremy Kerr ya assasa kuma aka gina ta da Python a kan Django, ita ce madogarar sassa da dama na aikin Linux wajen sanin facin da aka karɓa, da wanda aka ƙi, da wanda aka mayar wa mai shi ya gyara. Bayan doguwar muhawara, an cim ma matsaya kamar haka:

1. Taron ya amince a riƙa naɗe dogayen layukan da aka kwafo cikin amsa, waɗanda ke farawa da alamar >, bisa sharaɗin layukan da ke dab da maganar mai bita su tsaya a fili, domin idan layin da ya nuna ya ɓace, maganarsa ta rasa makama.

2. Taron ya yi watsi da shawarar ɓoye tsokacin da aka yi wa alamar an magance, alamar da ta shigo a fitowa ta 3.1. Sau da yawa mai faci kan ɗauka ya biya buƙata alhali wanda ya yi ƙorafin bai gamsu ba, kuma mai yanke hukunci yana da haƙƙin ganin ƙorafin da amsarsa kafin ya shigar da facin. A dusashe launin tsokacin, amma kada a cire shi daga idon mai karatu.

3. Bisa tuna ɓarakar da aka toshe a 2019, inda lambar shaidar saƙo ke iya shigo da mugun umarni cikin burauza, taron ya wajabta tace duk rubutun da ya fito daga imel kafin a nuna shi.

4. A raba aikin zuwa ƙananan faci, kowanne da gwajinsa, a kuma tabbatar ƙidayar shaidar bita da ta gwaji ba ta sauya ba.

5. Ƙungiyar na kira ga masu kula da ainihin manhajar da su duba waɗannan gyare-gyare da idon basira idan an miƙa musu, tana kuma jinjina wa mambobin da suka sadaukar da lokacinsu wajen bitar.

Sa hannu: Shugaba da Sakatare, a madadin ƙungiyar.