Raddi Ga Masu Cewa Kiran Buɗe Iyaka Kiran 'Yan Fasa-Ƙwauri Ne

 Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasu masu ilimi, har ta zama kamar karatun da aka haddace. Suna cewa duk sanda ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka tashi suna roƙon gwamnati ta sauƙaƙa cinikayya tsakanin Najeriya da maƙwabtanta, to ba kowa ke magana ba sai 'yan fasa-ƙwauri da suka sa babbar riga. Sun kafa hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Don haka ya kamata a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko, wadda suka fi dogara da ita, ita ce buɗaɗɗiyar iyaka ce ta kashe masana'antunmu. Sai su nuna maka masaƙun Kaduna, tun daga wadda aka kafa a 1957 har zuwa sauran da suka biyo bayanta, da na Kano a Sharaɗa da Bompai da Challawa, su ce ga aikin iyaka nan. Mun yarda masaƙun sun mutu, mun kuma yarda atamfar da ta cika Kantin Kwari ta iyaka ta shigo. Amma tambayar da suke tsallakewa ita ce: a ina aka saƙa ta? Ba a Maraɗi ba, ba a Damagaram ba, ba a Kwatano ba. Daga Sin aka ɗauko ta, aka sauke a tashar jirgin ruwan Kwatano, aka bi da ita ta Nijar aka tsallako. Wannan kayan Asiya ne da ya ara hanyar maƙwabta. Yarjejeniyar ECOWAS ta sassauta cinikayya, wadda ta fara aiki kan kayan masana'antu a 1990, ba ta yafe wa irin wannan kaya ko kwabo ba. Sharaɗinta shi ne kaya ya zama ɗan yankin, a nuna takardar shaidar asalinsa. Haka ma yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, AfCFTA: kayan Afirka take nufi, ta kuma bar wa kowace ƙasa damar ware kashi 3 cikin 100 na nau'o'in kayanta ta ce waɗannan ba za ta cire musu haraji ba sam, wasu kashi 7 kuma ta jinkirta su. Wanda ya haɗa albasar Galmi da atamfar Sin a buhu ɗaya ya ce duk fasa-ƙwauri ne, bai karanta abin da yake suka ba. Ballantana ma masaƙun nan, rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da lalacewar noman auduga sun ci su tun kafin ɗan sumoga ya ƙarasa su.

Ta biyu ita ce shinkafa, kuma a nan suke ɗaga murya. Sun ce rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019 shi ya farfaɗo da manomin Kebbi da Jigawa. To, mu duba tarihin abin. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa sayen dala a hannun hukuma. A Nuwamban wannan shekara aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi. A 2016 kwastam suka haramta shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa. Ashe ke nan shinkafar Tailan da Indiya haramtacciya ce ta iyakokin ƙasa shekara uku kafin a rufe ƙofa. Abin da rufewar ta ƙara shi ne hana halattaccen kaya wucewa: tirelolin da suka ɗauko sabulu da robobi da taliya da lemon kwalba daga Legas da Kano za su Yamai da Lome da Akra suka tsaya cik, kayan gwari suka ruɓe a Seme. Ita kuwa shinkafar ba ta daina shigowa ba. Ta sauka daga tirela ta hau babur, ta bar titi ta shiga daji, kuɗin hanya ya ƙaru, mai saye ya biya. Hauhawar farashi tana kashi 11 da 'yan kai lokacin da aka rufe. A Disamban 2020 da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ta haura kashi 15. Ba mu ce iyaka kaɗai ta jawo haka ba, domin annobar korona ta faɗo a tsakiyar wannan lokaci. Amma mai cewa rufewar ta sauƙaƙa wa talaka abinci, hujja tana wuyansa.

Akwai kuma abin da masu wannan ra'ayi ba sa son a tuna. Ana cikin rufewar, a Nuwamban 2020, labari ya fito cewa an ba kamfanin simintin Dangote izinin fitar da kaya ta ƙasa zuwa Nijar da Togo, an kuma ba BUA irin wannan dama. Ban ga laifin kamfanonin ba, neman hanya aikin ɗan kasuwa ne. Abin lura shi ne rufaffiyar iyaka tana da ƙofar baya, kuma mai iya ganin minista ne ke da mabuɗinta. Dillalin wake na Dawanau da mai shanu na Mai'aduwa ba su da wanda za su buga wa waya. Su ne ke buƙatar doka ɗaya a rubuce, kuma don haka suke haɗa kai su yi magana da murya ɗaya.

Ta uku, sun ce tsaro. Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kilomita 1,500, yawancinta fili ne da gonaki. Mai ɗauke da bindiga ba ya bin layi a Jibiya ya jira a buga masa hatimi. An sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a ranar 11 ga Disamban 2020, iyaka tana rufe tsawon wata goma sha biyar da ɗoriya.

Ta huɗu ta fi ban mamaki. Wai tsara manufofin ƙasa aikin gwamnati ne, ɗan kasuwa ya tsaya a rumfarsa. Ina suke a Maris ɗin 2018, lokacin da ƙasashen Afirka suka taru a Kigali don sa hannu kan AfCFTA, Shugaba Buhari ya fasa tafiya bayan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ƙungiyar ƙwadago sun nuna adawa? Najeriya ba ta sa hannu ba sai a Yulin 2019 a Yamai, bayan an kafa kwamiti an saurari kowa. A lokacin ba wanda ya ce mai masana'anta ya tsaya a masana'antarsa. Yabo aka yi, aka ce kishin ƙasa ne. In mai neman a kare shi yana da bakin magana, mai neman a buɗe masa kasuwa ma yana da shi. Ko kuwa sharaɗin magana shi ne ka faɗi abin da suke son ji?

Hujjar da ta fi nauyi ita ce sabuwa, kuma zan ba ta haƙƙinta. Suna cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, to da wa za a haɗe? Gaskiya ne ginshiƙin doka ya raunana, kuma wanda ya ce ba komai bai san kasuwa ba. Sai dai wannan dalili ne na ƙara ƙaimi, ba na naɗe hannu ba. ECOWAS da kanta ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da kayan waɗannan ƙasashe bisa tsohon tsari har sai an cimma matsaya, wato ƙofar tattaunawa tana nan. Hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 da mazauni a Yamai, ba ta rataye a wuyan ECOWAS ba. Mun kuma ga abin da rufewa ke yi sau uku: ta 1984 zuwa 1986, wadda ta haɗu da fari har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar sunan El-Buhari; ta 2019; da ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wadda Najeriya ta ɗage a Maris ɗin 2024 bayan kasuwannin Illela da Ƙonni da Maigatari sun ji jiki. Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne tun kafin Ingila da Faransa su ja layi a tsakaninsu, kuma gero da wake da dabbobi ba su taɓa daina tsallake layin ba.

Ba na musun cewa a cikin 'yan kasuwa akwai masu cin ribar duhu. Akwai, kuma su ne suka fi kowa ƙin abin da ƙungiyoyin ke nema, domin tsadar hanya ita ce jarinsu. Ku karanta buƙatun da ake kaiwa gaban hukuma: a rage shingayen da ake tatsar direba tsakanin Kano da Jibiya, a sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa samun takardar asalin kaya ba sai ya je Abuja ba, a bar mutum ya biya da naira abokin cinikinsa ya karɓi sefa ta tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Akra a 2022 ba tare da an bi ta dala ba. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Masu wannan ra'ayi su faɗa mana me jirgin zai ɗauka in ya isa Jibiya ya tarar da ƙofa a garƙame.