Wutar Injin Mota: A Auna Kafin a Canza

A garejinmu akwai wata ɗabi'a da ke cinye kuɗin masu motoci ba tare da kowa ya kira ta da sunanta ba, wato gyara da ƙiyasi. Mota ta ƙi tashi, ko injin yana kakkarwa, sai bakanike ya ce a sayo fulogi. In ba ta warke ba, a sayo kwayil. In ta ci gaba, a ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Kafin a gano cewa wata 'yar waya ce ta tsinke, albashin wata guda ya tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Ba lallai ba ne a zargi bakaniken da mugunta. Motar ce ta sauya, hanyar koyon sana'ar kuma ba ta bi ta ba. Tsarin kunna wuta da batir da kwayil, wanda Charles Kettering ya ƙirƙira aka fara sa shi a motar Cadillac a 1910, ya yi mulki fiye da shekara sittin. Shi ne a cikin Fijo 504 da iyayenmu suka hau. Komai nasa a fili yake: a buɗe mai rarraba wuta, a duba kwantak, a goge, a daidaita, a kama hanya. Amma tun 1973 kamfanin Chrysler na Amurka ya mayar da dukkan motocinsa kan wutar da na'urar lantarki ke sarrafawa, sauran kamfanoni suka bi sahu. Motocin da ke shigo mana yau, ido da kunne kaɗai ba sa isa a gano ciwonsu.

Aikin tsarin bai canza ba. Kwayil yana karɓar bolt 12 daga batir, ya ɗaga shi zuwa dubbai, sau da yawa sama da 20,000, domin tartsatsi ya tsallaka bakin fulogi ya kunna cakuɗar fetur da iska. Abin da ya canza shi ne mai ba da umarni. Yanzu wata ƙaramar na'ura ce, sensa, ke lura da juyawar ƙaranshaf tana sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta yanke lokacin da kowane kwayil zai saki wuta. Sarƙa ce mai gaɓoɓi, kuma kowace gaɓa ta yanke, alamar kusan iri ɗaya ce. Shi ya sa ƙiyasi yake da tsada.

Bincike mai hankali daga batir yake farawa. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 in injin a kashe yake, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake tayar da mota. Kan batir mai tsatsa, ko wayar da ke haɗa injin da jikin mota in ta saki, sukan rikita ƙwaƙwalwa har ta riƙa ƙorafin cututtukan da babu su. Daga nan sai a duba fiyus, sannan a tambaya: babu wuta a dukkan silinda ne, ko a guda ɗaya? In duka ne, zargi ya koma kan abin da suka yi tarayya a kai, musamman sensar ƙaranshaf. Ita ce kuma aka sani da halin nan na kashe mota in injin ya yi zafi, ta bari ta tashi bayan ya huce.

In kuwa silinda ɗaya ce, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A motar da kowane fulogi yake da kwayil nasa, sai a musanya kwayil ɗin da ake zargi da na maƙwabcinsa. In matsalar ta bi shi zuwa sabon wurin, an kama mai laifi. In ta tsaya inda take, sai a duba fulogi, ko waya, ko nozul, ko ƙarfin matsin silindar.

To, ina matsayin kwamfuta? Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin bincike na OBD-II, Turai kuma ta bi da nata ga motocin fetur a 2001. Don haka yawancin motocin da ke kan titunanmu suna iya faɗar inda yake musu ciwo. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata, P0300 tana nufin matsalar tana yawo tsakanin silinda, P0335 kuma tana nuni ga layin sensar ƙaranshaf. Sai dai a nan wani sabon ƙiyasi ya ɓullo. Lambar ta ambaci layi ne gaba ɗaya, wanda ya haɗa da sensa, da soket, da wayar da ɓera ko zafi ya ci. Wanda ya ga P0335 ya aika a sayo sensa kafin ya ɗora mita a kan waya, bai bambanta da mai cewa a sayo fulogi ba.

Akwai kuma al'adu biyu da ya kamata a binne. Cire kan batir injin yana aiki don a gwada altaneta yana iya sakin wutar da za ta ƙona ƙwaƙwalwar mota. Zare wayar fulogi a bar wuta ba ta da inda za ta sauka yana iya kashe kwayil mai lafiya. Direba ma yana da nasa: in fitilar injin ta fara ƙyaftawa, ɗanyen mai ne ke wucewa zuwa matatar hayaƙi da ke cikin salansa, yana gasa ta. Ci gaba da tafiya yana mayar da gyaran kwayil ɗaya ya zama asara mai yawa.

Gyaran wannan hali yana wuyan ɓangarori biyu. Kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin makanikai su shirya gajerun darussa da Hausa a kan amfani da mita da karanta taswirar wayoyi, domin yaron da ya iya kwance injin ba zai gagara koyon auna bolt ba. Mu masu motoci kuma mu daina ganin bincike a matsayin aikin kyauta. Muddin bakanike ba ya samun kuɗi sai ya canza wani abu, to zai canza. A biya shi ladan gano cuta, sannan kafin a miƙa kuɗin kaya a yi masa tambaya ɗaya cikin girmamawa: “Maigida, me ka auna, kuma me ya nuna?”