Kafin Ka Ƙara Wa Lasifika Murya, Leƙa Cikin Akwatinta

Yau maganata a kan akwatunan lasifika ce da samarinmu ke haɗawa da kansu domin shago, gidan kallon ƙwallo ko wajen biki. Za ka ga yaro ya zuba kuɗi ya sayi lasifika da amfilifaya, kafinta ya buga masa akwati, an lulluɓe wajensa da kafet, amma ciki wayam. A ganina nan ne asarar take.

Dalili kuwa, lasifika gaba da baya take tura iska. Amon da ya faɗa cikin akwati yana dukan katako ya dawo, kamar mai magana a cikin randa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka akwatin da tsawonsa ya kai rabin mita yakan riƙa ruri daidai inda muryar mutum take. Shi ya sa maganar mai sharhin ƙwallo ke cakuɗewa, sai a ƙara murya, maƙwabci ya kasa barci. A gari irin namu da muke zaune da mutane iri-iri, wannan kaɗai kan iya jawo cacar baki.

Maganin tsoho ne. Tun 1954 Edgar Villchur a Amurka ya fito da rufaffen akwati da ake cikawa da zaren gilashi, a 1965 kuma A. R. Bailey na Ingila ya yi amfani da ulu. Zaren gilashi yana aiki, sai dai ƙaiƙayi gare shi kuma shaƙarsa ba ta da kyau. Mu da sanyin Jos ya sa bargo bai yanke mana ba, me za mu nema nesa? Ka shiga Kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo ka nemi tsohon bargon ulu, ko farar audugar roba da ake cusawa a filo.

Ga gwaji mai sauƙi: ka kara abin a baki ka hura. In iska ta ratsa da ɗan nauyi, zai sha amo. In ba ta ratsa ba, irin farin soson da ake sako talabijin a ciki ko robar silifa, wuri kawai zai cinye. Kwalin ƙwai ma ba ya tsinana abin kirki.

Wasu za su ce ga audugar rimi, tamu ce ta gargajiya. Gaskiya tana sha, amma saurin kama wuta gare ta, ga ƙura. Iyayenmu da suka ga gobarar Kasuwar Terminus a 2002 ba sai an yi musu dogon bayani ba. Kada ka haɗa ta da wayar da ke ɗaukar zafi.

In akwatin rufaffe ne, ka cika shi sakayau ba tare da dannawa ba. In mai ƙofar iska ne, bango kawai za ka bi da kauri kamar santimita 3 zuwa 5, ka manne da gam, ka bar ƙofar da bayan lasifikar a sarari.

Don haka kafin ka sayi babbar amfilifaya, sayi bargo tukuna. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai wani jiƙon.