Wane tsuntsu ke shiga lissafi?

A duniya akwai mutane masu sha'awar kallon tsuntsaye. Kowane yana da littafinsa. Duk irin tsuntsun da ya gani da idonsa sai ya rubuta sunansa, da ranar, da wurin. Irin tsuntsayen duniya sun kai wajen 11,000. A ƙasar Nijar an rubuta fiye da 500. Wata mata ta Amurka, Phoebe Snetsinger, ta wuce 8,000 a shekarar 1995.

Amma ba kowane gani ke shiga littafi ba. Akwai sharuɗɗa.

Na fari, tsuntsun ya kasance da rai. Kurciyar da yaro ya harbo da danƙo ba ta shiga.

Na biyu, ya kasance na daji, sake. Zabon da ke kwana a akurki ba ya shiga. Zabon daji yana shiga. Aku a keji cikin kasuwar Matameye ba ya shiga.

Na uku, mutum ya shaida tsuntsun da kansa. "An ce" ba ta shiga littafi. Idan ya ga farin tsuntsu daga nesa, bai tabbata balbela ce ba, sai ya bar wurin ba rubutu.

A kan kuka ne ake gardama. Wasu sun ce gani ya kori ji, sai an ga tsuntsu tukuna. Wasu sun ce wanda ya san kukan fakara, ya kuma ji ta da asuba, ya shaida ta. Babbar ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta Amurka ta yarda da ji.

Ba alƙali, ba ɗan doka. Gaskiyar mutum kaɗai ke tsare littafinsa.

Mene ne amfanin wannan ga manomi da makiyayi? Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa cikin watan Janairu. Tabkin Lasuri na jihar Damagaram ya shiga jerin tabkunan da duniya ke kiyayewa a 2005. Da rubutun gaskiya irin wannan aka gane ungulu tana ƙarewa. A 2015 aka sa ungulun mahauta cikin tsuntsaye masu gab da ɓacewa. Da masu rubutu sun riƙa cika littafi da ungulun da ba su gani ba, da ba a farga ba.

Manomin Kance ko na Matameye da ya koyi karatu yana iya buɗe nasa littafin. Ya rubuta ranar da shamuwa ta sauka a itacen gari gabanin damina. Ya rubuta ranar da janbaki ya faɗa wa dawa, ya kai labari ga ma'aikatan gona. Bayan shekara 5, littafin zai faɗa masa abin da ƙwaƙwalwa ta manta.

Sharaɗi ɗaya ne: abin da ya shaida, shi kaɗai zai rubuta.