A Zana Makashin, A Kuma Zana Wanda Ya Kashe

Akwai wani irin littafin zane da ya daɗe yana cin kasuwa a Turai, ga shi yanzu ya iso wayoyinmu. Labari ne na ɗan ina-da-kisa, wanda shi da bakinsa yake ba da labarin, mai karatu kuma yana zaune cikin ƙoƙon kansa yana jin duk abin da yake saƙawa. Faransawa suna kiran wannan salo da kalmar da ke nufin "baƙi" a harshensu, domin ba jarumi a cikinsa, kuma ba wanda yake fita da hannu mai tsabta. Wanda ya fi shahara shi ne Le Tueur, wato Makashi, wanda Matz ya rubuta, Luc Jacamon ya zana, kamfanin Casterman ya fara bugawa a 1998. A 2023 David Fincher ya mayar da shi fim a Netflix, Michael Fassbender ya fito a matsayin makashin. Mutumin ba shi da suna. Ana biyansa, ya yi kwanton ɓauna, ya harba, ya tafi. Yawancin shafukan kuwa jira ne kawai da zancen zuci.

Saurayi a Dalijan ko Kambaza ba ya bukatar jin Faransanci kafin irin wannan kaya ya same shi. Zane ba ya neman tafinta, shagunan masu turin fina-finai kuma ba su da nisa da kowa. Shi ya sa muryoyi suka fara tashi: a hana, a toshe, kada marubucin Hausa ya kuskura ya shiga zuciyar mai kisa. Mu ba mu yarda da wannan kira ba. Muna ganin ƙasar da ake kashe mutane a cikinta kamar tamu ta fi Faransa bukatar labarin da zai buɗe kan makashi a ga abin da ke ciki.

Masu kiran hani ba mahaukata ba ne, tsoronsu yana da tushe. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai. A Nuwamba 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie. A Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugabanta, aka tafi da ɗalibai fiye da 20. Uban da ya ga wannan, ya kuma ga ɗansa yana kallon hoton mai bindiga da sha'awa, dole hankalinsa ya tashi. Sai dai tashin hankali daban, magani daban.

An gwada hani a wurare da yawa. A Amurka, a 1954, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi yana ɗora lalacewar yara a kan littattafan zane, majalisar dattawa ta zauna a kan batun, masu bugawa suka tsorata suka kafa wa kansu doka: kada a nuna mai laifi ta yadda za a tausaya masa, kuma dole gaskiya ta yi nasara a kowane labari. Littattafan laifi suka mutu a kasuwa, laifin kansa bai mutu ba, kuma a 2011 masu bugawa na ƙarshe suka yi watsi da dokar. A Kano, a 2007, gwamnati ta tara littattafan Hausa ta cinna musu wuta a bainar jama'a. Yau ga littattafan nan sun koma WhatsApp da Wattpad, inda ba ashanar da za ta kai gare su. A 2022 hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar wasu kamfanonin da suka nuna na BBC. An hukunta masu ɗaukar hoto, waɗanda aka ɗauka kuwa suna nan cikin daji.

Sa'annan wa ya ce leƙa zuciyar mai laifi baƙon abu ne a wurinmu? Nan jihar Kebbi aka haifi Muhammadu Gambo Fagada, mai waƙar ɓarayi, wanda ya rasu a 2016. Shekaru masu yawa mutanen kirki, waɗanda ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba, suna sauraronsa, suna jin yadda ɓarawo yake ganin dare da kulle da mai gida. A 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya bi Mailoma, mugun mutum mai tara 'yan ta'adda, tun daga tasowarsa har faɗuwarsa. Kafin su duka akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930, labarin yadda ƙullatar zuci ke cin mai ita. Iyayenmu kuma da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 sun yi rububin mujallar African Film, mai labarin Lance Spearman cikin hotuna, da harbi da naushi a kowane shafi. Ba su zama 'yan fashi ba.

Mu ɗaga sama da haka. Kisan farko a bayan ƙasa, na ɗan Annabi Adamu, Alƙur'ani bai ba da shi a dunƙule ba. A Suratul Ma'ida an nuna mana hassadar da ta fara, da yadda zuciya ta sauƙaƙa masa aikin, da yadda ya rasa yadda zai yi da gawar har sai da hankaka ya koya masa, da nadamar da ta biyo baya. Hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ma, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cikin zuciyar mai kisa yake kai mu. A Gwandu kuma, inda hubbarensa yake, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bai rufe ido ga mutanen ɓangarensa ba. Da ya ga son duniya ya shiga zukatan wasu mayaƙa, sai ya bar su ya nufi gabas har ya tsaya a Kano, ya kuma rubuta ɓacin ransa a Tazyinul Waraƙat. Wanda ya gaji irin waɗannan malamai bai kamata ya ji tsoron tambayar abin da ke cikin ran mai riƙe da makami ba.

Me hani yake saya mana? Yana saya mana mugun da muka saba gani a fim: jajayen idanu, ƙatuwar murya, dariyar ƙeta, kamar daga rami ya fito. Irin wannan mugu yana kwantar da hankali, domin ba ya kama da kowa a gidanmu. Amma wanda ya kai wa 'yan bindiga labarin gidan da aka sayar da shanu yana da uwa, yana da sahu a masallaci, wataƙila ma ya zo jaje. Yaron da aka miƙa wa bindiga yana da shekarar da ya daina zuwa makaranta, da ranar da aka fara ba shi ƙwaya, da kuɗin farko da ya riƙe. Al'ummar da adabinta bai taɓa nuna mata waɗannan matakai ba, ba za ta gane su ba in sun fara a zaurenta. Ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

To, amma ga inda za mu juyo kan 'yan uwanmu marubuta da masu zane, domin su ma suna da nasu laifin, kuma ya fi na masu hani haɗari. Cikin littattafan da ake sayarwa shafi-shafi a waya, an fara ƙera wani makashi na daban: dogo, fari, mai shiru, mai ƙamshin turare, mai mota baƙa, wanda ba ya kuskure, wanda yarinyar labarin za ta narke a kansa kafin babi na goma. Yana kashe mutum kamar yana kashe fitila. Wanda aka kashe ba shi da suna, ba shi da 'ya'ya, layi ɗaya ne a shafi. Wannan ba shiga zuciyar makashi ba ne, kirari ne ake yi masa. Kuma ba mu da ƙarancin masu wannan aiki, domin 'yan bindigar da kansu sun hau TikTok suna baje kuɗin fansa a kan tabarma. Marubucin da ya ƙara wa wannan hoto kwalliya ya zama maroƙinsu, ko ya sani ko bai sani ba.

Wanda ya karanta Le Tueur da idon basira zai ga dabarar da masu kwaikwayo suke tsallakewa. Makashin yana da baki. Yana kawo kisan kiyashin tarihi da zaluncin manyan ƙasashe, yana cewa shi ƙaramin mai laifi ne cikin duniyar manyan masu laifi, yana kamanta kansa da kada mai jira cikin ruwa. Amma zanen yana nuna mutum shi kaɗai a ɗaki, ba ya barci, ba ya yarda da kowa, hankalinsa yana tsattsagewa. Kalmomin suna wanke shi, hoton yana ƙaryata su. Wannan ita ce fa'idar labarin zane a kan zube: abu biyu a gida ɗaya, abin da mutum yake faɗa wa kansa da abin da yake aikatawa. Duk da haka littafin yana da gurbin da mu ba za mu iya kwafa ba. Mai karatu a Faris yana iya rufe shafi ya sha gahawa, domin a wurinsa makashin haya tatsuniya ce. Mai karatu a Kalgo wataƙila ya taɓa ba da gudummawar kuɗin fansa.

Saboda haka sharaɗinmu biyu ne, kuma ba hukuma muke so ta ɗora su ba, mu muke so mu ɗora wa kanmu. Na farko, makashin ya zama namu. Ya sa silifas, ya hau babur, ya ji yunwa, ya yi zazzaɓin cizon sauro a daji, ya ji tsoron ubangidansa fiye da yadda yake tsoron soja. A nuna wa ya sayar masa da harsashi, wa ya kai masa fetur da burodi, wa ya karɓi shanun a kasuwa. Salon nan baƙi, tun asalinsa, bai tsaya kan mai jan kunamar bindiga ba, yana bin kuɗin har ya kai ga mai babbar riga. Na biyu, wanda aka kashe ya sami shafuka daidai da wanda ya kashe shi. A zana gonar shinkafarsa da ba a girbe ba. A zana matarsa cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, gida bayan gida, ko da mai karatu zai gaji. A zana ɗansa, wanda shi ne zai iya zama makashin littafi na gaba.

Wani zai ce wa zai sayi wannan? Amsa ita ce kayan aikin sun riga sun zo hannu. Ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, mai iya zane, da marubuciyar da ke da masu karatu a WhatsApp, za su iya fitar da shafi huɗu kowane mako ba tare da sun taka ƙofar maɗaba'a ba. Labarin zane yana isa ga wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba, za a kuma iya sa rubutun da ajami. Matasan da muka fi tsoron a ja su daji su ne waɗanda dogon zube ba ya kai wa gare su, hoto kuwa yana kaiwa.

Ga iyaye da malamai, roƙonmu shi ne in kun ga yaro da irin wannan littafi, ku karɓa ku karanta tare, ku tambaye shi sunan mutumin da aka harbe a shafi na uku. In littafin bai ba shi suna ba, kun sami abin da za ku tattauna a kai. Ga mujallu irin wannan kuwa, a buɗe shafi ga masu zane, a biya su, a kuma mayar wa marubuci aikinsa duk lokacin da ya kawo makashi mai ƙamshin turare da gawa marar suna. Masu bindiga sun riga sun fara ba da labarin kansu da wayoyinsu, kuma yaranmu suna kallo. In muka yi shiru, nasu labarin kaɗai za a ji.